Numfashin Ciki: Tambayoyi da Amsoshi Kan Yadda Ake Yinsa da Amfaninsa ga Jiki da Hankali

Baligi mai lafiya yana yin numfashi tsakanin sau 12 zuwa 20 a cikin minti ɗaya idan yana hutawa, wato kimanin sau 20,000 ke nan a kwana guda, kuma mafi yawansu suna wucewa ba tare da ya ankara ba. Duk da haka, numfashi yana cikin 'yan ayyukan jiki da ke tafiyar da kansu amma mutum yake iya karɓar ragamarsu a lokacin da ya ga dama. A kan wannan dama aka gina atisayen numfashin ciki.

Mene ne ake nufi da numfashin ciki, alhali kuwa iska huhu take shiga?

Gaskiya ne, iska ba ta shiga tumbi ko hanji, huhu take shiga. Sunan ya samo asali ne daga abin da ido ke gani, wato tasowar ciki a lokacin shaƙar iska da lafawarsa a lokacin fitar da ita. Abin da ke jawo wannan motsi wata faffaɗar tsoka ce mai siffar ƙwarya a kife, wadda ta raba ƙirji da ciki. Likitoci suna kiranta dayafram, mu kuwa a nan za mu kira ta shamaki. Duk wanda ya taɓa tsayawa a wurin fiɗar ragon layya ya ga irinta, domin ita ce siririyar tsokar nan mai tantani da ke tsakanin huhu da zuciya a sama, da kuma hanta da tumbi a ƙasa.

Huhu ba shi da tsokar da zai ja iska da kansa. Idan shamaki ya ɗaure, sai ya sauka ƙasa, sararin ƙirji ya ƙaru, iska ta kwararo ciki kamar yadda take shiga zugazugin maƙeri idan an ɗaga shi. Saukar tasa ce ke tura kayan ciki gaba, shi ya sa cibiya ke tasowa. Idan ya saki, sai ya koma sama, iska ta fita ba tare da wani yunƙuri ba. A numfashin yau da kullum tafiyar shamaki ba ta wuce santimita ɗaya zuwa biyu ba, amma a numfashi mai zurfi tana iya kaiwa kusan santimita 10. Ita ce kuma tsokar da ke fizga idan shaƙuwa ta kama mutum.

Idan haka jiki yake aiki tun asali, me ya sa sai an koya?

Jariri ba ya bukatar malami. Wanda ya zura wa jariri ido yana barci zai ga cikinsa ne ke hawa da sauka, ƙirjinsa kuwa da ƙyar yake motsi. Da girma ya zo, sai wasu halaye su shigo: dogon zama a dunƙule a kan kujera ko a kan keken ɗinki, sunkuyawa a kan waya, ɗaure ƙugu da tsauri, matse ciki don kada tumbi ya bayyana, da kuma, fiye da komai, zaman ɗar-ɗar na damuwa. Mai fargaba yana ɗaga kafaɗu ya yi numfashi gajere daga saman ƙirji, yana amfani da tsokokin wuya da na kafaɗa waɗanda aikinsu na ainihi shi ne kawo ɗauki a lokacin gudu ko aikin ƙarfi. Idan wannan ya zama jiki, sai mutum ya wayi gari wuyansa da kafaɗunsa a sage, yana ta ajiyar zuciya, yana jin kamar iska ba ta isarsa.

Akwai gwaji mai sauƙi. A ɗora hannu ɗaya a ƙirji, ɗaya a kan cibiya, a yi numfashi yadda aka saba. Idan hannun sama ne ya fi motsi alhali ana zaune ba a aikin komai, to akwai abin gyara.

Yaya ake yinsa?

Mai farawa ya fi kyau ya kwanta rigingine a kan tabarma ko katifar da ba ta da laushi sosai, ya ɗan lanƙwasa gwiwoyi ko ya sa matashi a ƙarƙashinsu, domin a wannan yanayi tsokokin ciki suke sakewa. Sai ya ɗora hannu ɗaya a ƙirji, ɗaya a ƙasan haƙarƙari. Zai shaƙi iska ta hanci a hankali na tsawon daƙiƙa huɗu ko kusa da haka, yana barin hannun ƙasa ya taso, na sama kuma ya zauna kusan yadda yake. Daga nan sai ya fitar da iskar a nutse na tsawon daƙiƙa shida, ko dai ta hanci, ko ta baki tare da tsuke leɓe kamar mai hura kunu mai zafi. Idan iskar ta ƙare, kada ya yi gaggawar jawo wata, ya bari jiki ya nema da kansa.

Kuskuren da aka fi yi shi ne tura ciki waje da ƙarfi, kamar mai nuna ya ƙoshi. Mutum yana iya kumbura cikinsa ba tare da ko ɗigon iska ya shiga huhunsa ba, don haka kumburin kaɗai ba shaida ba ne. Abin da ake nema shi ne ciki ya taso domin iska ta shiga, kuma haƙarƙarin ƙasa su buɗe ta gefe da ta baya. Kuskure na biyu shi ne cika huhu har wuya. Kalmar "zurfi" tana ruɗar mutane da yawa, suna ɗauka ana nufin yawan iska, alhali ana nufin inda numfashin ya sauka ne. Numfashin da aka yi daidai ba shi da ƙara, wanda ke zaune kusa ma ba lallai ya ji shi ba.

Minti biyar zuwa goma, sau biyu ko uku a rana, sun wadatar. Idan an saba a kwance, sai a koma yi a zaune da baya a miƙe, daga baya a tsaye, har a kai ga yinsa ana tafiya ko ana cikin mota.

Shin amfaninsa shi ne yana ƙara wa jini iskar oksijin?

Wannan ita ce maganar da aka fi yaɗawa, kuma ga mai lafiya ba ta da tushe mai ƙarfi. Jinin mutum mai lafiya a ƙoshe yake da oksijin, tsakanin kashi 95 zuwa 100 cikin ɗari, kamar yadda 'yar na'urar da ake maƙalawa a yatsa a asibiti take nunawa. Tulun da ya cika ba ya karɓar ƙari. Iskar da muke shaƙa tana da oksijin kashi 21 cikin ɗari, wadda muke fitarwa kuma tana da kusan kashi 16, wato ko a numfashin yau da kullum ma muna mayar da mafi yawansa waje.

Inda numfashi mai zurfi ya yi fice shi ne wajen tattali. A kowane numfashi, kimanin mililita 150 na iska suna tsayawa a hanci da maƙogwaro da bututun huhu, ba sa isa inda ake musaya da jini. Mu ɗauki mutum biyu da kowannensu ke jan lita shida a minti. Na farko yana numfashi sau 24, kowanne mililita 250, don haka abin da ke isa can ciki mililita 100 ne a kowane karo, jimilla lita 2.4. Na biyu yana yi sau shida, kowanne lita ɗaya, abin da ke isa mililita 850 ne, jimilla lita 5.1. Iska ɗaya suka ja, amma na biyu ya ci moriyar fiye da ninki biyu, kuma tsokokinsa sun yi aiki sau shida kawai.

To ta wace hanya yake kwantar da hankali?

A nan ne ainihin maganar take. Jiki yana da tsarin jijiyoyi da ke kula da bugun zuciya, narkar da abinci, gumi da faɗin hanyoyin jini ba tare da umarnin mutum ba. Tsarin yana da reshe biyu. Ɗaya shi ne na shirin faɗa ko gudu, wanda ke tashi idan an firgita: zuciya ta yi ta dukan uku-uku, baki ya bushe, tafin hannu ya jiƙe. Ɗayan shi ne na hutu da narkar da abinci, kuma babbar hanyarsa wata doguwar jijiya ce da ake kira begas, ta goma a jerin jijiyoyi goma sha biyu da ke fitowa kai tsaye daga ƙwaƙwalwa, wadda ke saukowa ta wuya ta ratsa zuciya da huhu har zuwa hanji.

Bugun zuciya ba daidai yake tafiya kamar agogo ba. Yana ɗan ƙara sauri idan ana shaƙar iska, yana ɗan lafawa idan ana fitar da ita, domin a lokacin fitarwa ne jijiyar begas take taka wa zuciya birki. Mai haƙuri zai iya jin wannan da kansa idan ya dafa jijiyar wuyan hannunsa yana numfashi a hankali. Saboda haka, duk lokacin da aka tsawaita fitar da iska, an ƙara wa reshen hutu lokacin aiki ne. Mutum ba zai iya ce wa zuciyarsa ta rage gudu ba, amma yana iya bi ta bayan gida ta hanyar numfashi. A ganina, wanda ya riƙe abu biyu kawai, wato rage sauri da tsawaita fitarwa, ya riƙe kashi mafi girma na fa'idar, ko da bai ƙware a sauran ƙa'idojin ba.

Akwai kuma ɓangaren tunani. Zuciyar da ke ƙirga daƙiƙu tana bibiyar motsin cibiya ba ta da sararin saƙa da mugun zare a wannan lokacin, kuma sau da yawa 'yan mintocin nan su ne bambanci tsakanin mayar da baƙar magana da haɗiye ta.

Akwai binciken kimiyya da ya tabbatar da wannan, ko dai zance ne kawai?

Akwai, ko da yake mafi yawan binciken an yi shi ne a kan mutane kaɗan kuma na ɗan gajeren lokaci. Tun a shekarun 1970 wani likitan zuciya na Jami'ar Harvard da ke Amurka, Herbert Benson, ya nuna cewa zama a nutse tare da numfashi a hankali da maimaita kalma guda yana rage bugun zuciya da yawan oksijin da jiki ke ƙonawa. A shekarar 2001 Luciano Bernardi, wani likita ɗan Italiya, da abokan aikinsa suka wallafa wani bincike mai ban sha'awa: sun gano cewa masu karanta addu'ar cazbi ta Katolika da harshen Latin da masu rera kalmomin yoga, wato atisayen gargajiya na mutanen Indiya, duk numfashinsu yana sauka zuwa kusan sau shida a minti, kuma a wannan mataki bugun zuciya da motsin hawan jini suna daidaituwa da juna.

A shekarar 2017 wasu masu bincike a Beijin ta ƙasar Sin suka raba mutum 40 gida biyu, suka horar da rukuni ɗaya numfashin ciki a zama 20 cikin mako takwas. Waɗanda aka horar sun nuna ƙarin iya tattara hankali da raguwar kotisol, sinadarin da jiki ke saki idan yana cikin matsi. Sai kuma binciken Jami'ar Stanford na shekarar 2023, wanda ya nuna cewa minti biyar a kullum na numfashi mai doguwar fitarwa, tsawon wata guda, ya ƙara wa mahalarta walwala fiye da zaman lura da numfashi kawai ba tare da sarrafa shi ba. Hukuncin da ya dace a yanke shi ne cewa fa'idar ta tabbata amma matsakaiciya ce. Duk wanda ya ce numfashi yana warkar da ciwon suga ko ciwon daji, ko yana wanke guba daga jini, ya yi gaba ya bar hujja a baya.

Na ga ana maganar 4-7-8 da wasu lambobi. Wanne ya fi?

Tsarin 4-7-8, wanda likitan Amurka Andrew Weil ya yaɗa, yana nufin a shaƙa ana ƙirga huɗu, a riƙe ana ƙirga bakwai, a fitar ana ƙirga takwas. Akwai kuma na huɗu-huɗu, inda ake shaƙa, a riƙe, a fitar, a dakata, kowanne ƙirga huɗu. Lambobin ba su da wani sirri. Shaƙa huɗu da fitarwa shida ya fi sauƙi ga mai farawa, kuma yana kai mutum daidai sau shida a minti. Wanda riƙe numfashi ke tayar masa da hankali ya bar shi.

Me ya sa nake jin jiri ko kamar kiyashi na bin yatsuna idan na gwada?

Alama ce ta cewa ana fitar da iska fiye da kima. Iskar kabon dayoksaid da muke fitarwa ba shara ba ce zalla, jiki yana bukatar wani adadi nata a cikin jini, kuma yawanta ne ma yake sa ƙwaƙwalwa ta ba da umarnin jan numfashi. Idan mutum ya yi ta jan iska da yawa da sauri, sai adadinta ya faɗi, hanyoyin jinin ƙwaƙwalwa su tsuke, jiri ya zo, leɓe da yatsu su ɗauki wani irin tsira kamar kiyashi na bi. Maganinsa shi ne a dakata, a koma numfashin da aka saba har abin ya wuce, sannan a sake gwadawa da ƙaramar iska da ƙarin jinkiri. Wannan shi ne kuma abin da ke faruwa ga mai firgici mai tsanani, wanda ke ganin kamar iska ta ƙare masa alhali yawanta ne ya yi masa illa. Cewa da irin wannan mutum ya "ja dogon numfashi" yana iya ƙara dagula lamarin. Abin da ya fi shi ne a taimaka masa ya fitar da iska a hankali. Tsohuwar dabarar nan ta numfashi a cikin jakar takarda kuwa likitoci sun daina ba da shawararta, saboda haɗarinta ga wanda matsalarsa ta zuciya ce ko ta huhu.

Zai iya maye gurbin maganin hawan jini?

A'a. Numfashi a hankali yana sauke hawan jini da 'yan maki, musamman ga mai yi kullum, amma saukar ba ta kai a ajiye magani ba. Hawan jini ciwo ne da ba ya yawan nuna alama, don haka jin sauƙi a jiki ba hujja ba ce cewa ya sauka. A ci gaba da shan magani, a rage gishiri da sinadarin ɗanɗano, a riƙa awo, a bar wa likita hukuncin rage ƙwaya.

Mai asma ko wani ciwon huhu fa?

Ga mai asma, horon numfashi yana rage damuwar da ke tattare da ciwon kuma yana kyautata rayuwar yau da kullum, amma ba ya kawar da kumburin da ke cikin hanyoyin iska. Idan asma ta tashi, abin shaƙa ake nema da farko.

Masu daɗaɗɗen ciwon toshewar huhu, wanda shan taba ko shekaru na shaƙar hayaƙin itace a madafa ke jawowa, labarinsu ya ɗan bambanta. Fitar da iska ta tsukakken leɓe yana taimaka musu ƙwarai, domin yana hana ƙananan hanyoyin iska rufewa da wuri. Amma idan ciwon ya yi nisa, huhu yakan kumbura ya danne shamaki ya baje, kuma a wannan hali tilasta numfashin ciki yana iya ƙara musu haki. Su kam a gaban likita ko ma'aikacin gashin ƙashi ya kamata su koya. A asibiti ana kuma sa waɗanda aka yi wa tiyatar ciki ko ƙirji su riƙa jan numfashi mai zurfi, saboda zafin ɗinki yana sa su taƙaita numfashi, ƙasan huhu ya lafe, majina ta taru.

Da gaske yana taimaka wa ƙwannafi?

Akwai dalilin da ya sa ake faɗar haka. Bututun abinci yana ratsa shamaki ne kafin ya isa tumbi, kuma tsokar shamakin da ke kewaye da wurin tana cikin abin da ke hana ruwan tumbi mai tsami komowa sama. Ƙananan bincike sun nuna cewa horar da wannan tsoka yana rage ƙwannafi ga wasu. Wanda abinci ke maƙale masa, ko yake ramewa, ko yake amai da jini, bincike yake bukata.

Yana kawo barci?

Yana share masa hanya. Barci ba ya zuwa wa jikin da ke cikin shirin faɗa, kuma minti goma na numfashi a hankali a kan shimfiɗa, bayan an ajiye waya, yana rage wannan shiri. Ba ya maganin minsharin da ke tare da ɗaukewar numfashi cikin dare.

Mai juna biyu da yara za su iya yi?

Mai juna biyu za ta iya, sai dai idan ciki ya tsufa ta yi a zaune ko a kwance ta gefen hagu, ta guji doguwar kwanciya rigingine da dogon riƙe numfashi. Tun shekarun 1950 likitan Faransa Fernand Lamaze ya shahara da koyar da mata sarrafa numfashi a lokacin naƙuda, kuma har yau ungozomomi suna amfani da irin wannan dabara. Yara kuwa ta hanyar wasa suka fi koya: a ɗora wa yaro wani abu marar nauyi a kan cibiya yana kwance, a ce ya ɗaga shi ya sauke a hankali ba tare da ya faɗi ba.

Ba wani nau'in ibadar wasu addinai ba ne?

Tambaya ce da ta cancanci amsa a fili. Gaskiya ne mutanen Indiya sun daɗe da tsara dabarun numfashi a cikin yoga, suna kiransu firanayama, haka nan mutanen Sin suna da nasu a cikin atisayen gargajiya da ke mayar da hankali ga ƙasan cibiya, kuma a wurarensu na asali waɗannan suna tafe da aƙidu. Abin da aka bayyana a nan kuwa motsa tsoka ne, irin wanda ma'aikatan lafiya ke koyarwa a asibiti, ba ya ɗauke da wata kalma da za a furta ko wani abu da za a ƙudurce. Mahaddacin da ke karanta doguwar aya da numfashi ɗaya, da ladanin da ke jan kiran salla, da mai busa kakaki a ƙofar fada, duk da shamaki suke aiki, ko sun san sunansa ko ba su sani ba.

Wane lokaci da wuri suka fi dacewa?

Duk lokacin da mutum zai iya dawwama a kai. Bayan sallar asuba da kafin kwanciya sun fi yi wa mutane da yawa sauƙi saboda gida ya yi tsit. A bar tazara bayan cin abinci mai nauyi, a sassauta ɗamara ko zariya. A lokacin hunturu, idan hazo ya sauko, a yi a cikin ɗaki kuma ta hanci, domin hanci yana tace ƙura, yana ɗumama iska, yana jiƙa ta. A nisanci hayaƙin murhu, na janareta da na maganin sauro.

Yana da muhimmanci a riƙa yi a ranakun da hankali yake kwance. Wanda bai taɓa gwadawa ba sai ranar da ya shiga ɗakin jarrabawa ko ya ji mummunan labari zai tarar jikinsa bai san hanyar ba. Sauƙin nan take ana jinsa cikin 'yan mintoci, amma kafin numfashin ciki ya koma ɗabi'ar da ba sai an tuna ba, ana ɗaukar makonni.

Yaushe ya kamata a bar atisaye a nufi asibiti?

Idan numfashi ya sarƙe farat ɗaya ba tare da dalili ba, ko ya zo da ciwon ƙirji mai sauka hannu ko muƙamuƙi, ko leɓe ya canza launi, ko mutum ya kasa ƙarasa jimla saboda haki, to gaggawa ake yi. Haka nan wanda ba ya iya kwanciya sai ya tara matasai, ko ƙafafunsa suna kumbura, zuciyarsa ce ke bukatar dubawa. Tarin da ya kai mako biyu, musamman tare da zazzaɓi, gumin dare, rama ko jini a majina, yana bukatar gwajin tarin fuka. Wanda damuwa ta hana shi aiki, ci ko barci na tsawon makonni, ko yake tunanin cutar da kansa, ya nemi likitan ƙwaƙwalwa ko ya sanar da wani makusanci a ranar. Akwai kuma waɗanda mayar da hankali ga numfashi yake tayar musu da tsoro, musamman waɗanda suka taɓa shiga wani bala'i. Irin waɗannan su yi da ido a buɗe, na minti ɗaya ko biyu, ko su fara da tafiya a hankali suna daidaita numfashi da taku, har sai sun sami wanda zai jagorance su.